Waiwaye: Yadda Tarihi Ya Fita Daga Aji Ya Bar Yaranmu da Haddar Amsa

Daren jajibirin gasar kacici-kacici ta makarantarsu, ɗiyar ƙanena ta same ni a zaure bayan sallar isha'i. Tana riƙe da wani ɗan littafi da bai kai kaurin yatsa ba, irin na tambaya da amsa da ake sayarwa a bakin tasha da ƙofar makarantu. Bangonsa har ya yi laushi don shan hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, a yi mani tambaya in ga ko na haddace." Aji biyu take a ƙaramar sakandare, nan cikin birnin Katsina.

Na buɗe na fara. Jihohi nawa ne a Najeriya? 36. Ƙananan hukumomi fa? 774, Katsina tana da 34. Sanatoci? 109. Yaushe aka ƙirƙiro Jihar Katsina? 23 ga Satumba, 1987. Kafin in rufe baki ta ba da amsa, kamar mai biya Fatiha. Sai muka zo kan taken ƙasa. Littafin ya ce a 1978 aka fara rera shi, ita kuma ta ce malaminsu ya ce musu 1960. Ta ɗago ta dube ni: "To Baba, wa ya yi kuskure?" Na ce babu wanda ya yi. An buga littafin nata kafin watan Mayun 2024, lokacin da aka ajiye taken 1978 aka koma wa wanda aka karɓi 'yancin kai da shi.

Daga nan na rufe littafin na tambaye ta da ka. Kafin 1987 a wace jiha muke? Ta ce Kaduna. Kafin Kaduna fa? Shiru. Na ce, to mi ya sa ake kiran sarkin Maraɗi da Sarkin Katsina, alhali Maraɗi tana Nijar? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wannan ba ta cikin littafin."

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da aka ɗora mata shi ta ɗauka, kuma ta ɗauka da kyau. Laifin ya girme ta, ya ma girmi malaminta.

Sanin tarihi a ƙasar nan bai jira boko ba. Maroƙan fada suna riƙe da jerin sarakuna da kirarinsu, malamai sun rubuta shi da Larabci da ajami, Daura tana da Girgam ɗinta, kundin tarihin sarakunanta. Yaro yakan ji labarin rijiyar Kusugu da Bayajidda da Daurama a bakin kakarsa tun bai san baƙi ba. Ɗan birnin Katsina kuwa ido kawai zai ɗaga ya ga hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ginin ta da zamanin Muhammadu Korau, shekaru sama da 500 ke nan. Garin da Shehu Magili ya sauka a ƙarshen ƙarni na 15, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, garin da ya fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Da boko ya zo, nan ma ya yi gida. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk nan suka yi karatu, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Ana koyar da tarihi a makarantun wancan zamani, sai dai mafi yawansa ta idon Bature ake kallonsa. Daga can muka gaji tambayar nan da ta ƙi mutuwa har yau a 'yan littattafan gasa: wa ya gano Kogin Kwara? Amsa, Mungo Park, 1796. Sarkawa da Nufawa da suka yi ɗaruruwan shekaru suna su da fito a kogin babu mai tambayar su.

Gyaran wannan kallo shi ne babban aikin masana tun kafin 'yancin kai. An kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a 1955, su Kenneth Dike a Ibadan. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Abdullahi Smith ya gina sashen tarihi ya sa ɗalibai komawa ga rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da bakin dattawa. Cikin waɗanda suka fito daga wannan gida har da namu, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ɗan Musawa, wanda bincikensa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito a littafi a 1981. Abin da ke ci mani rai shi ne, a daidai shekarun da itacen yake yabanya a jami'a, a shekarun ne aka fara sare saiwarsa a firamare.

Mutane sun fi riƙe 2007 a matsayin shekarar da aka cire tarihi daga makarantu. Gaskiyar magana, abin ya faro tun da nisa. A watan Satumban 1969, yaƙin basasa yana ci, aka yi babban taron ƙasa kan manhajar karatu a Legas. Tunanin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne a samar da darasin da zai haɗa kan yara, ya koya musu zama tare. Daga nan darasin ilimin zamantakewa, wanda yara ke kira Soshiyal, ya samu gindin zama: aka ɗebo tarihi kaɗan, labarin ƙasa kaɗan, sanin haƙƙin ɗan ƙasa kaɗan, aka zuba su a tukunya ɗaya. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tabbatar da shi, tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) da aka fara a 1982 ya shimfiɗa shi a ƙananan sakandare. Niyya ce mai kyau, ba na musu. Ƙasar da ta fito daga yaƙi tana da hujjar tsoron labarin da zai fama tsohon miki. Amma a cikin tukunyar nan tarihi ne ya narke. Ya koma 'yan shafuka: sunayen Hausa Bakwai, hoton Lugga, shekarar 1914, shekarar 1960.

A babbar sakandare darasin ya tsira da sunansa, amma na zaɓi ne, kuma an jera shi da darasin Gwamnati. Yaro mai neman sakamako sai ya zaɓi wanda ya fi gajarta da sauƙin haddacewa. Ɗalibai suka ragu, masu karanta fannin a kwalejojin ilimi suka ragu, malaman da suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Saboda haka lokacin da hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta ƙasa ta fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2007 babu tarihi a matsayin darasi mai cin gashin kansa, ƙofar da aka daɗe da sakayawa ce aka sa wa kwaɗo.

Ita dai wannan manhaja ce ta shigo da darasin ilimin zama ɗan ƙasa. Daga 2011 ya zama dole a babbar sakandare, aka fara rubuta shi a jarrabawar WAEC a 2014. Darasi ne mai amfani, kuma ina farin ciki da shi. Yarinyar da ta san tsarin mulkin 1999 ya ba ta 'yancin rayuwa da na faɗin albarkacin baki, ta san akwai majalisa da ɓangaren zartarwa da kotu, ta san ƙuri'arta tata ce, ta fi wadda ba ta sani ba. Matsalar ita ce an ba ta rassa an hana ta gindi. Jarrabawa kuma ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ce, ba ta tambayar dalili. Malami yana da darussa da yawa da aji cike maƙil, sai ya rubuta amsa a allo ya ce a kwafa. Masu buga 'yan littattafan tasha suka ga kasuwa suka cike gurbin.

Ɗauki misali ɗaya da kowane yaro a Katsina ko Daura yake rayuwa a cikinsa. Littafi ya ce masa matakan gwamnati uku ne: tarayya, jiha, ƙaramar hukuma. Babu sarki a ciki, domin tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba. Amma yaron nan da idonsa yake ganin rigimar gona ana kai ta gaban mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Yana ganin hawan sallah, yana ganin gwamna da kansa ya je fada gaisuwa. Ya zai haɗa abin da ke littafi da abin da ke ƙofar gidansu? Sai an gaya masa cewa akwai lokacin da En'e ce gwamnatin da talaka ya sani, a ƙarƙashin sarki, da 'yan dokanta da alƙalanta da gidan yarinta da baitulmalinta. Sai an gaya masa a ƙarshen shekarun 1960, zamanin Gowon, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi irin na yau. Da ya ji wannan, tambayar matakan gwamnati ta tashi daga hadda ta zama labarin yadda iko ya sauya hannu a garinsu, har ya iya tambayar ko sauyin ya amfani talaka.

Haka tambayar jihohi take. Lambar 36 ba daga sama ta faɗo ba. Yankuna uku ne a 1960, suka zama huɗu a 1963. Gowon ya yi jihohi 12 a 1967, muka faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Kaduna a 1976 da Murtala ya mayar da su 19. Babangida ya fitar da Katsina da Akwa Ibom a 1987 suka zama 21, sannan 30 a 1991, Abacha ya cike 36 a 1996. Ka lura, duk jihohin nan soja ne ya yanka su. Wannan kaɗai darasi ne na mako guda ga ɗalibin da ake so ya fahimci tarayya.

Daura ma tana da tata tambayar da ba ta shiga 'yan littattafan. Bayan jihadi, Malam Isiyaku ya karɓi garin, gidan sarautar Haɓe ya koma Zango da Ɓaure. A farkon mulkin Turawa aka dawo da Malam Musa daga Zango kan gadon Daura, shi ya sa masarautar ta bambanta da maƙwabtanta. A Katsina kuma, a 1906 sarauta ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma hannun Durbi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, gidan da ke mulki har yau. Yaron da ke bin dawaki ranar hawa ya cancanci ya san wannan.

Ƙorafin masana da iyaye bai tafi a banza ba. A zamanin Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu, lokacin ɗan Daura Muhammadu Buhari yana shugaban ƙasa, aka amince a raba tarihi da Soshiyal, aka ƙaddamar da sabuwar manhajarsa a 2018. A watan Nuwamban 2022 aka yi bikin dawo da shi, tare da shirin horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da cewa tarihin Najeriya dole ne daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma a haɗa shi da ilimin zama ɗan ƙasa.

Na yi murna, amma na yi lissafi. Malamai 100 a raba wa ƙananan hukumomi 34, kowace ta tashi da kusan uku, a jihar da makarantun firamarenta ake ƙirga su da dubbai. Darasin da aka yi shekaru da dama ba a shuka masa malamai ba, sanarwa ɗaya ba za ta tsirar da su ba. A makarantar ɗiyar nan tawa, tarihi yana kan jadawali sau ɗaya a mako. Malamin Soshiyal ne yake shiga, ba shi da littafin darasin, sai abin da ya samo a waya. Na san shi, mutum ne mai ƙoƙari, kuma da bakinsa ya ce mani, "Wallahi Malam, ni ma ban karanta shi ba, tun muna firamare babu shi."

Ajinsu ne ya zo na biyu a gasar. Ranar Asabar da ta biyo na ɗauke ta da ƙaninta muka je tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kana shiga sanyi zai ratsa ka ko da rana ta take. Ta shafa bangon da tafin hannu, ta ce, "Baba, yanzu nan Sardauna ya zauna ya yi karatu?" Na ce nan ne, daga 1926 zuwa 1931. Ta daɗe tsaye tana kallon rufin. Da muka fito muka bi ta Gobarau, ƙaninta yana ta ƙoƙarin hango ƙololuwarta har hularsa ta faɗi.

A hanyar gida ita ce ta tayar da maganar Maraɗi. Na fara mata daga Malam Ummarun Dallaje da tutar da ya karɓo daga Shehu Usmanu, da yadda birnin ya faɗa hannunsa wajen 1807, da yadda sarakunan Haɓe suka yi arewa da mutanensu da sunan sarautarsu har suka kafa Maraɗi, tun babu wata iyaka tsakanin Jibiya da can. Muka iso ƙofar gida ban kai ga zuwan Turawa ba. Ta ce a bari sai bayan magariba, za ta zo da littafin rubutu.