Ninƙaya a Ruwan Daji da Hawan Dutse a Ƙasar Katsina

Ninƙaya a ruwan daji ita ce mutum ya shiga iyo a ruwan da ba ginashi akai don wanka ba, wato gulbi, ƙorama, tafki, kududdufi ko dam. Hawan dutse kuma da ake nufi anan ba irin na masu igiya da ƙugiya bane, ɗan gajeren hawa ne na awa ɗaya ko biyu, ka hau ka sha iska ka sauko. Sau da yawa abubuwan biyu tare suke tafiya, don inda duk kaga dutse zakaga ruwan sama na gangarowa yana taruwa a gindinshi.

A Birtaniya abin ya zama sha'awa mai suna harda ƙungiyoyi. Mutane na zuwa yankin tafkunan arewa maso yammacin Ingila inda dutsen Scafell Pike yake, wanda yafi kowane tsawo a Ingila da mita 978, ko su nufi Sikotilan wurin Ben Nevis mai mita 1,345. Babbar barazanarsu can sanyin ruwa ne, in yayi ƙasa da digiri 15 yana iya ɗauke ma mutum numfashi da shigarshi. Mu nan kam ba mu sa mashi suna ba, amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yanda yara ke jefar da riga kan yashi su faɗa ruwa bayan an taso daga gona ko kiwo.

Inda ake yi

Ƙasar Daura yawanci shimfiɗaɗɗiya ce mai yashi, ruwanta na wasa tafkunan damina ne sai dam irin su Sabke da Daberam. Duwatsu na sosai sai ka yi kudu da yammacin jihar, wajen Dutsin-Ma, Safana, Ƙanƙara har Faskari, manyan duwatsu ne masu sulɓi da suka tsiro tsakiyar gonaki kamar an aje su da hannu. Dam ɗin Zobe na kusa da Dutsin-Ma kan kogin Karaduwa, an gama shi a 1983, akwai na Jibiya kan kogin Gada, sai na Ajiwa da ke ba birnin Katsina ruwan sha. A cikin gari kuwa kududdufai ne, ramukan da aka haƙi ƙasar gini tun zamanin da, su cika maƙil in malka ta sauka a watan Agusta.

Lokacin da yafi daɗin hawa shine ƙarshen damina zuwa farkon kaka, da sanyin safiya. In ka kai sama zakaga gero da dawa sun rufe ƙasa shar har iya ganinka, hayaƙin girki na tashi daga unguwanni, shanu can ƙasa kamar tururuwa, ga ƴan ramuka kan falalen dutse da ruwa ya kwanta ciki harda ƴan talibambam suna yawo. Wallahi wanda bai taɓa hawa ba ba zai gane ba. Da rana tsaka kuwa dutse na ɗaukar zafi har tafin ƙafa bai iya taka shi, shi yasa ake sammako. Silifas ba takalmin hawa bane, musamman inda gansakuka ta kama bayan ruwa, kuma ba a cusa hannu cikin tsagar dutse saboda kunama da maciji. In hadari ya haɗu a sauka nan take, tsawa na faɗa ma wuri mai tudu.

Haɗarin ruwa

Anan ne maganar ke da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wajen mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma a shekarar ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa akan haka. Kududdufi mayaudari ne, bakinshi iya gwiwa amma taki biyu gaba rami ne da ya shanye tsawon mutum, ƙasan kuma taɓo ne mai riƙe ƙafa. Ƙorama ita ma haka, kana iya ganinta busasshiya ko ruwa iya idon sawu, ashe an tafka ruwa a wani gari can sama, kafin ka ankara ya iso da ƙarfinshi yana jan itace da shara. Mai nutsewa kuma yawanci baya ihu kamar yanda ake zato, shiru yake yi kai na sama na ƙasa. Masunta sun sani, ba a faɗawa a rungumi mai nutso sai wanda ya ƙware, don zai ƙanƙame ka ku tafi tare, a miƙa mashi gora ko igiya ko a jefa mashi jarka babu komai ciki da murfinta a rufe. Ba banza ba Bahaushe yace iya ruwa fidda kai.

Sai tsargiya, wadda ni a ganina ita akafi rainawa. Ba ta shan ruwa kawai take kama mutum ba, ƙwayar tsutsar da ke kawo ta na girma cikin wata ƴar katantanwa ta ruwan kwance, ta fito ta huda fata yayin da ake wanka ko wanki. Daga baya yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari, in yayi fitsarin cikin ruwa ƙwayayen su koma ma katantanwa, haka abin ke ta zagayawa. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Masar a 1851. In aka barta shekara da shekaru tana lalata mafitsara, alhali maganinta praziquantel ne, wanda ake rabawa a makarantu wani lokacin. Abin na ci mani rai inji uba yace ai kowane yaro na yi zai bari da kanshi.

Matsalar tsaro ma ta taɓa wannan al'ada, duwatsun da ke maƙwabtaka da dajin Rugu da yawa yanzu ba a zuwa yawon shan iska, don haka baƙo baya hawa sai ya tambayi mai unguwa ko ƴan gari, kuma ya tafi da ɗan gari.