Shin kallon mutum ne ke canza halin ƙwayar zarra?

An daɗe ana maimaita cewa kimiyyar kwantam, wato ilimin da ke nazarin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta, ta tabbatar da cewa hankalin ɗan Adam ne ke sa ƙwayar zarra ta zaɓi halin da za ta kasance. Wannan ba sakamakon gwaji ba ne.

A gwajin da ake harba ilektron (wani ɗan ƙaramin ɓangare na ƙwayar zarra) ta tsaga biyu, wani zane mai kama da na igiyar ruwa yana bayyana a kan allo, amma zanen yana ɓacewa da zarar wata na'ura ta gano tsagar da ilektron ya bi, ko da babu wanda ya duba na'urar. Masana sun yarda da lissafin da ke hasashen wannan sakamako, saɓaninsu a kan ma'anarsa yake. Fassarar da ake kira ta Kofanhegan (sunan babban birnin Denmark) ta shekarun 1920 ta tsaya ga abin da aka auna, wata fassarar ta 1952 ta ce akwai wani abu mai kama da igiyar ruwa da ke jagorantar ƙwayar, ta 1957 kuma ta ce duk sakamakon da zai yiwu yana faruwa a rassan duniya daban-daban.

Idan kun ci karo da irin wannan iƙirari, ku tambaya ko gwaji ne ya nuna shi, ko kuwa fassara ce. Don Allah ku tura wa wasu wannan bayani.