Dokar da ta sa jiragen sama ke bin arewar kamfas

'Yan uwa mazauna Agege da Ikeja, jiragen nan da ke wucewa ta samanmu dare da rana ba da ka suke tafiya ba, akwai na'urorin rediyo a ƙasa da ake kira VOR masu nuna musu hanya, kuma akwai doka a kan yadda za a saita su.

Ita VOR sigina biyu take watsawa lokaci guda, tsakanin megahaz 108 zuwa 117.95, ɗaya iri ɗaya ne ta kowace fuska, ɗayan kuma yana canzawa gwargwadon ɓangaren da kake, to na'urar cikin jirgi sai ta auna bambancinsu ta gaya wa matuƙi a digiri nawa yake daga tashar, cikin digiri 360 na zagaye. Sau da yawa ana haɗa ta da wata na'ura da ake kira DME, mai gaya wa matuƙi nisansa daga tashar.

Inda dokar ta shigo shi ne ina za a sa digiri sifili. Arewa fa biyu ce, akwai ta ainihi da ke kan taswira, akwai ta maganaɗisu wadda allurar kamfas ke nunawa, kuma ba wuri ɗaya suke ba. Ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya da ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ce a saita da ta maganaɗisu, sai dai a wurare kamar can ƙuryar arewacin Kanada inda kamfas ke rikicewa, su ta ainihi suke bi. Dalilin kuwa ni dai ya gamsar da ni sosai, in wuta ta ɗauke a jirgi komai ya mutu, ɗan kamfas ɗin nan zai ci gaba da aiki, to dole abin da tasha ta faɗa ya yi daidai da abin da matuƙi ke gani a gabansa.

Lambar titin jirgi ma haka take. Filin Murtala Muhammed na da 18 da 36, wato wajen digiri 180 kudu da 360 arewa, an cire sifilin ƙarshe ne kawai.

Matsalar ita ce arewar maganaɗisu ba ta zama wuri ɗaya, narkakken ƙarfen cikin ƙasa ke jan ta, shekaru kenan tana matsawa daga Kanada ta nufi Sibiriya, shi ya sa duk shekara 5 ake sabunta lissafinta, har filin Stansted na Ingila ya canza lambar titinsa daga 05/23 zuwa 04/22 a 2009. A nan gida NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ce ke kula da waɗannan na'urori, NCAA kuma, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, na sa ido, kuma akan tashi jirgi na musamman ya zagaya ya gwada siginar. Ko da GPS ya zo ba a yar da VOR ba, domin ana iya toshe siginar tauraron ɗan Adam, ranar da hakan ta faru kuwa tashar ƙasa ce za ta kawo fasinja Ikeja lafiya.