Awon ƙarfi: yadda ake jera jaruman ƙagaggun labarai

Awon ƙarfi shi ne tsarin da masoya littattafan zane, finafinai da wasannin kwamfuta suke bi domin tantance wane jarumi ya fi wani ƙarfi, ko da kuwa jaruman biyu ba su taɓa haɗuwa a labari ɗaya ba. Tambayar da ke bayansa tsohuwa ce: idan Goku, jarumin labarin Dragon Ball, da Superman suka kara, wa zai kai wani ƙasa? Abin da ya sabunta shi ne ƙa'idojin da aka shimfiɗa domin a amsa ta da hujja.

Hujja mafi nauyi ita ce aikin da aka ga jarumi ya yi, kamar rushe gini da naushi ɗaya ko kauce wa harsashi. Masu zurfafawa kan ƙiyasta girman abin da aka rushe, su lissafa makamashin da hakan ke buƙata, sannan su sa jarumin a mataki. Matakan kan tashi daga mai iya fasa katanga zuwa mai rusa gari, daga nan sai ƙasa, sai duniya sukutum, sai tauraro, har zuwa waɗanda ake cewa za su iya shafe sararin samaniya. Ana kuma auna sauri, inda ake ɗaukar saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, a matsayin babbar iyaka. Ƙasa da hujjar aikin da aka gani akwai faɗar baki, wato abin da jarumi ya ce game da kansa ko wani ya ce game da shi. A ganina daidai ne a sa ta ƙasa, domin mugun da ke cika baki yana iya yin ƙarya ko ruɗin kai.

Wasu marubuta sun ba da lambobi da kansu. A labarin Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya fara a Japan a 1984, an shigo da wata na'ura da ake maƙalawa a ido mai nuna ƙarfin mutum: wani manomi ya samu 5, mugun sarki Frieza kuwa ya ce nasa 530,000 ne. Amma labarin da kansa ya nuna raunin na'urar, domin jaruman sun iya ɓoye ƙarfinsu su sake shi daga baya, kuma bayan yaƙin Frieza aka kusan daina ambaton lambobin.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne a sarƙar kwatance, wato a ce tunda wane ya doke wane, shi kuma ya doke na uku, to na farko ya fi na uku. Wannan hanya tana da amfani idan aikin da aka gani ya yi ƙaranci, sai dai tana ɗaukar ƙarfi kamar lamba ɗaya, alhali faɗa ya ƙunshi juriya, dabara, wuri, da baiwa ta musamman kamar tsayar da lokaci ko sarrafa tunani. Tatsuniyarmu ta san wannan: Gizo ya haɗa Giwa da Dorina jan igiya, kowannensu yana zaton da shi yake ja, ya ci galaba ba tare da ya fi ko ɗayansu ƙwanji ba. Wanda ya bi sarƙar ido rufe zai sa Gizo sama da Giwa a matakin ƙarfi.

Sannan dole a fayyace wane zamanin jarumi ake nufi. Superman na 1938 tsalle yake yi na kimanin mita 200, ba ya tashi sama. Daga baya marubuta suka kai shi har yana ture duniyoyi, a 1986 kuma aka sake rage masa ƙarfi. Saboda haka masu awo na gaskiya sukan ajiye bajintar da ta faru sau ɗaya tak ta saɓa wa sauran, su riƙe abin da jarumin ya saba yi, kuma su bayyana tun farko ko an ba shi lokacin shiri da makamansa kafin a fara gardamar.