Waiwaye: Edmonton, garin da ya rushe sansaninsa da taragonsa, ya dawo yana gina su

A bakin kogin North Saskatchewan, a birnin Edmonton na lardin Alberta a Kanada, akwai wani gidan tarihi mai suna Fort Edmonton Park. Ba irin wanda ake jera kaya a bayan gilashi ba ne. Ma'aikatansa na sanye da tufafin mutanen da, maƙeri na dukan ƙarfe, ana gasa burodi, taragon lantarki na wucewa yana kaɗa ƙararrawa. An kasa filin zamani-zamani: sansanin 1846, sai titin 1885, na 1905 da na 1920.

Fata ce ta kafa garin. A 1795 kamfanin Hudson's Bay, wanda Ingila ta ba wa izinin ciniki tun 1670, ya gina sansani a yankin, dab da na kishiyarsa, kamfanin North West. Abin da suke nema shi ne fatar biba, wata dabbar ruwa mai datse rafi da itace, domin da gashinta ake yin hular manyan Turai. Mafarautan ƙabilun Cree da Blackfoot, 'yan asalin ƙasar, da 'yan Métis, ruwa-biyun Turawa da 'yan asalin, ke kawo fatun, su karɓi barguna, tukwane, bindigogi da taba. A 1821 kamfanonin biyu suka haɗe, Edmonton ta zama babban zango a ƙarƙashin John Rowand, wanda katafaren gidansa na katako aka sake ginawa a cikin gidan tarihin.

Wanda bai san wahalar hanyar ba, ba zai gane darajar zangon ba. Da ƙanƙara ta narke, sai a ɗaure fatun dami-dami, kowane kusan kilo 40, a loda su a manyan jiragen katako zuwa York Factory, tashar kamfanin a gaɓar tekun Hudson. Tafiya da ruwa ake yi, dawowa kuwa gaba da ruwa, mazaje na bin gaɓa suna jan jirgi da igiya a kafaɗa. Guzurinsu femikan ne, busasshen naman ɓauna da aka daka kamar dambu aka kwaɓa da kitse, kuma matan 'yan asalin ƙasar ne ke haɗa shi. A ganina, ba don hannun waɗannan mata ba, da cinikin nan bai kai ko'ina ba. Sai a 2021 gidan tarihin ya buɗe wani babban sashe inda 'yan asalin ƙasar ke ba da labarinsu da bakinsu, kuma an daɗe ana bin sa wannan bashi.

Da Alberta ta zama lardi a 1905, Edmonton ta zama hedikwata, sai aka gina majalisa kusa da tsohon sansanin. A 1915 aka rushe shi. Wanda masu ziyara ke shiga yau kwaikwayo ne, a wani wuri dabam, an buɗe shi a 1974.

Haka ta faru da tarago. A 1908 birnin ya fara jigilar jama'a da taragon lantarki, ya yi shekara 43 yana aiki, a 1951 aka ajiye shi aka koma wa bas. Ba a cika shekara 30 ba aka dawo kan dogo: a Afrilun 1978, shekarar da birnin ya karɓi wasannin Commonwealth, aka ƙaddamar da jirgin cikin gari na zamani, a lokacin da mutanen garin ba su kai miliyan ɗaya ba. A 1980 wasu 'yan sa-kai suka kafa ƙungiyar Edmonton Radial Railway Society, suka riƙa nemo tsofaffin taragu suna gyarawa. Su ke tuƙa su a gidan tarihin, da kuma a saman gadar High Level ta 1913 a lokacin zafi.

Saura matsala guda. Akwai tashar jirgi mai suna South Campus/Fort Edmonton Park, amma dogon bai gangara kwarin da gidan tarihin yake ba. Mai iyali da ba shi da mota, in ya sauka a tashar, sai ya sake neman bas kafin ya isa ƙofa.