Ziyarar birnin Nantes na Faransa: tambayoyi da amsoshi kan wuraren tarihinsa

Ina ne Nantes, kuma me zai kai mutum can alhali ga Paris?

Nantes, da Faransawa ke furtawa "Nant", yana yammacin Faransa a bakin kogin Loire, kogi mafi tsawo a ƙasar, kusa da inda yake faɗawa tekun Atlantika. Daga tashar Montparnasse da ke Paris, jirgin ƙasa mai gudu na TGV yana kai mutum cikin awa biyu da 'yan mintuna. Mazauna cikin birnin sun haura dubu 300.

Dalilin zuwa kuwa, a ganina, ga ɗan Afirka ya fi na kowa ƙarfi. Wannan gari shi ne tashar jiragen ruwan Faransa da ta fi kowace hannu a cinikin bayi, kuma yana cikin garuruwan Turai ƙalilan da suka fito fili suka rubuta hakan a bangonsu. A Paris za ka ga arzikin Faransa. A Nantes za ka ga ɗaya daga cikin hanyoyin da arzikin ya biyo.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga fadar sarakunan Bretagne, wato yankin arewa maso yammacin Faransa, da ke tsakiyar gari. Sarki François na biyu ne ya soma gina ta a siffarta ta yanzu a 1466, lokacin da Bretagne ke cin gashin kanta. A nan aka haifi 'yarsa Anne a 1477, wadda ta auri sarakunan Faransa biyu ɗaya bayan ɗaya, Charles na takwas da Louis na sha biyu. Auren nata ne ya share hanyar haɗe yankin da Faransa a 1532. A wannan birnin kuma Sarki Henri na huɗu ya sa hannu a dokar 1598 da ta ba 'yan Furotesta damar yin addininsu, bayan shekaru ana zub da jini tsakaninsu da 'yan Katolika.

Daga waje ganuwa ce ta baƙin dutse da rami kewaye da ita, daga ciki kuma fararen gine-gine masu ado. Shiga farfajiya da hawa kan ganuwa kyauta ne. Gidan tarihin da ke ciki shi ake biya, kuma ɗakuna 32 gare shi, don haka kada ka ba shi ƙasa da awa biyu. Shawarata kada ka tsallake shi ka ce za ka dawo daga baya, domin shi ne zai buɗe maka ido kan duk abin da za ka gani a titi.

Wace irin rawa birnin ya taka a cinikin bayi?

Daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa wajajen 1830, jiragen ruwa sun tashi daga Nantes fiye da sau 1,700 domin sayen mutane a gaɓar Afirka, wato sama da kashi 40 cikin ɗari na duk irin waɗannan tafiye-tafiye da aka yi daga Faransa. Mutanen da suka kwashe sun kai kusan rabin miliyan.

Ga yadda harkar take. Jirgi zai bar Nantes ɗauke da yadi mai zane, da bindigogi, da albarushi, da barasa, da wuri. Ya tsaya a wurare irin su Ouidah da ke Jamhuriyar Benin ta yau, ko Loango da ke gaɓar Kwango, ya musanya kayan da mutane. Daga nan ya tsallaka teku zuwa tsibiran Karebiya, musamman Saint-Domingue, ƙasar da ake kira Haiti yanzu, ya sayar da su ga masu gonakin rake, ya dawo gida da sukari da kofi da shuni. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, ba a kawar da ita baki ɗaya ba sai a 1848. Ko bayan an haramta cinikin kansa, attajiran Nantes sun ci gaba da yi a ɓoye na wasu shekaru.

A gidan tarihin akwai mari da sarƙoƙi, da littattafan lissafin 'yan kasuwa, da kundin dokokin bayi na 1685. Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne zanen jirgin Marie-Séraphique na wajajen 1770. An zana mutane sama da 300 a kwance, kafaɗa da kafaɗa, a ƙarƙashin benen jirgin, a ƙasan takardar kuma ga lissafin kaya da riba. Ba masu yaƙi da bauta ne suka zana shi don su tona asiri ba, masu harkar ne da kansu.

Akwai abin da ya shafi Bahaushe kai tsaye a wannan tarihi?

Akwai. Waɗanda aka sayar a gaɓar Benin ba duka 'yan bakin teku ba ne, an gangaro da wasu daga can arewa. A takardun ƙidayar bayi na gonakin Saint-Domingue, inda ake rubuta asalin kowane mutum, ana samun kalmar "Aoussa" a jere da sunayen sauran ƙabilu. Ba su ne suka fi yawa ba, amma suna ciki. Wanda ya san haka kafin ya shiga ɗakunan nan, ba kallon labarin wasu yake yi ba.

Yaya wurin tunawa da soke bautar yake?

Yana bakin kogi, a kan mashigar da ake kira Quai de la Fosse, inda jiragen suke lodi a da. An buɗe shi a watan Maris na 2012, kuma mai fasahar zane Krzysztof Wodiczko da masanin gine-gine Julian Bonder ne suka tsara shi. Kafin ka iso ƙofar, za ka lura da ƙananan allunan gilashi 2,000 da aka dasa a daɓen hanya. Guda 1,710 daga cikinsu suna ɗauke da sunan jirgi da shekarar tashinsa, sauran kuma sunayen tashoshi da kasuwannin da aka yi cinikin. Tafiya kake kana taka su, kuma ba sa ƙarewa da wuri.

Sai ka sauka ƙarƙashin ƙasa zuwa wani dogon lungu mai ƙarancin haske, ruwan kogi na motsi a gefenka, kamar kana cikin jirgi. A bangon gilashi an rubuta dokoki da jawabai da maganganun waɗanda suka yi gwagwarmaya. Shiga kyauta ne. Garin bai kai ga wannan cikin sauƙi ba: an daɗe ana shiru, sai a 1992 aka yi babban baje koli kan batun a fadar sarakuna, sannan a 2001 Faransa ta zartar da dokar Taubira da ta ayyana cinikin bayi da bauta a matsayin laifi ga bil'adama.

Daga nan ka taka zuwa unguwar Feydeau, wadda a da tsibiri ce kafin a cike rassan kogin. Can ne manyan gidajen masu jiragen ruwa suke, wasu sun karkace saboda laushin ƙasar da aka gina su a kai. Ka ɗaga kai ka dubi fuskokin da aka sassaƙa a saman tagogi. Wasunsu fuskokin 'yan Afirka ne.

To ban da wannan, me kuma za a gani?

Da yawa. A tsallaken kogi, inda ake ƙera jiragen ruwa har zuwa 1987, akwai wata giwa ta katako da ƙarfe mai tsayin mita 12, tana tafiya da mutum kusan 50 a kanta tana fesa ruwa da hanci. Tun 2007 take yawo, kuma idan da yara kake, ita za su riƙa ba da labari. Akwai gidan tarihin marubuci Jules Verne, wanda aka haifa a garin a 1828. Akwai Passage Pommeraye, rufaffiyar kasuwa mai hawa uku ta 1843. Babbar majami'ar garin an aza harsashinta a 1434, ba a gama ba sai a 1891, kuma gobarar 2020 ta yi mata ɓarna sosai. A gidan tarihin Dobrée ne ake ajiye da akwatin zinaren da aka sa zuciyar Anne a ciki bayan rasuwarta.

Kwana nawa za su isa, kuma yaya ake zagayawa?

Kwana biyu sun wadatar, uku sun fi. An ja wani koren layi a ƙasa da ke bi ta yawancin waɗannan wurare, ka bi shi da ƙafa ba za ka ɓata ba. Idan ka gaji akwai taragon cikin gari, wanda aka dawo da shi a 1985. Gidajen tarihi da dama suna rufewa rana ɗaya a mako, galibi Litinin ko Talata, saboda haka ka duba shafinsu na intanet kafin ka fita. Ruwan sama ba ya sallama a wannan yanki, ka riƙe laima ko da bazara ce. Mai neman wurin salla zai sami masallacin Assalam a unguwar Malakoff, ba nisa da tashar jirgin ƙasa.