Dominion Big Box: Abin da Ke Cikin Babban Kwalin da Wanda Ya Dace Ya Saya

Dominion Big Box babban kwali ne da kamfanin Rio Grande Games na Amurka ke sayarwa, wanda ya haɗa ainihin wasan kati na Dominion da wasu daga cikin ƙarin fakitocinsa wuri guda. Sau biyu aka fitar da kwali mai wannan suna da Turanci, na farko a 2010, na biyu a 2016, kuma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk wata magana a kan ko kwalin ya cancanci kuɗinsa.

Asalin wasan

Donald X. Vaccarino, Ba'amurke, shi ya ƙirƙiro Dominion, aka fara sayar da shi a 2008. A shekarar 2009 ya ci lambar Spiel des Jahres ta ƙasar Jamus, wadda ita ce mafi daraja a duniyar wasannin tebur. Daga gare shi ne salon nan na gina tarin kati a cikin wasa ya yaɗu, har wasu kamfanoni suka yi ta fitar da nasu.

Ba irin kartar da aka saba gani ba ce, kuma ba a sa kuɗi a cikinsa. Kowane ɗan wasa yana farawa da kati 10 iri ɗaya da na kowa: 7 na Copper, wato kuɗin tagulla, da 3 na Estate, wato ƙaramin fili mai maki ɗaya. Idan layi ya zo kansa, yana da kati 5 a hannu, da su zai sayi sabon kati daga tulin da aka jera a tsakiya. Abin da ya saya yana shiga tarinsa, a gauraya, ya dawo masa hannu nan gaba. Katin Gold ana sayensa da kuɗin wasa 6, yana ba da kuɗi 3. Katin Province ana sayensa da 8, yana da maki 6. Wasa na ƙarewa idan tulin Province ya ƙare, ko tuli uku suka ƙare, mai maki mafi yawa shi ya ci. Yawanci bai wuce rabin awa ba.

Daɗin wasan yana cikin wata matsala ce: katunan maki ba sa yin komai a hannu sai tare wuri. Wanda ya yi gaggawar tara su zai shaƙe tarinsa, wanda ya yi jinkiri kuma za a kwashe a bar shi.

Dalilin da ya sa ake neman ƙari

A kowane zama, iri 10 kacal ake ɗauka daga katunan da ake kira na masarauta, wato katunan da kowane iri yake da nasa aiki na musamman a wasa. Bugun farko na ainihin wasan yana da iri 25, bugu na biyu da aka gyara yana da 26. Ta lissafi, ana iya zaɓar 10 daga 26 ta hanyoyi 5,311,735. Adadin yana da yawa a takarda, amma wanda ya buga wasan sau hamsin zai fara gane cewa dabarun da ke cin nasara ba su kai haka yawa ba, musamman dabarar nan ta sayen kuɗi zalla da kati ɗaya ko biyu masu jawo wasu. A nan ne ƙarin fakiti ke shigowa. An fitar da Intrigue da Seaside a 2009, Alchemy da Prosperity a 2010, aka ci gaba har suka haura goma sha biyar. Ba kamar Magic: The Gathering ba, wani wasan kati da ake sayen fakitinsa ba tare da sanin katunan da ke ciki ba, babu fakitin sa'a a nan; duk wanda ya sayi kwali ya san katunan da zai tarar.

Kwalin 2010

Wannan ya ƙunshi bugun farko na ainihin wasan, da Alchemy, da Prosperity, da wasu 'yan katunan kyauta. Prosperity na daga cikin fakitocin da masu wasan suka fi so. Ya zo da katin Platinum mai ba da kuɗi 5 da katin Colony mai maki 10, waɗanda ke tsawaita wasa su ba mai haƙuri damar gina tari mai ƙarfi. Alchemy kuwa ƙarami ne, iri 12 ne kawai, kuma yawancin katunansa ba sa sayuwa sai da wani kuɗi na daban mai suna Potion. Idan kati ɗaya tak mai buƙatar Potion ya faɗo cikin goman da aka zaɓa, sau da yawa ba wanda zai kula shi. Masu wasan da dama suna sa Alchemy a ƙasan jerinsu, kuma bai dace da sabon shiga ba ko kaɗan. Haɗin dai bai yi kama da wanda aka tsara domin mai koyo ba.

Kwalin 2016

A 2016 Vaccarino ya gyara ainihin wasan da Intrigue. A kowanne an cire iri 6 na katunan da suka yi rauni, aka sa sababbi 7. Daga ainihin wasan an cire irin su Thief da Chancellor da Woodcutter, aka kawo irin su Sentry da Artisan da Bandit. An kuma sauƙaƙa rubutun da ke jikin katunan. Sabon babban kwalin ya haɗa waɗannan bugu biyu da aka gyara, jimillar iri 52 na katunan masarauta, tare da ƙarin katunan kuɗi da na maki domin mutum 5 ko 6 su iya zama, alhali ainihin wasan na mutum 2 zuwa 4 ne.

Wannan haɗi ya fi ma'ana nesa ba kusa ba. Intrigue bai kawo wasu sababbin kayan wasa ko ƙa'idoji masu nauyi ba. Abin da ya ƙara shi ne zaɓi: kati ɗaya ya ba ka hanya biyu ko uku ka ɗauki ɗaya, ko ya zama na maki kuma na aiki a lokaci guda. Mataki ne da ya dace ya biyo bayan ainihin wasan. Akwai kuma abin lura: bugun farko na Intrigue ana iya buga shi shi kaɗai domin yana da nasa katunan kuɗi da maki, amma bugu na biyu ba ya tsayuwa sai da ainihin wasan.

Batun mutum shida kuwa bai kamata a ɗora masa nauyi da yawa ba. Ana iya yi, sai dai jiran layi yana tsawo, kuma tuli na ƙarewa kafin kowa ya gina abin kirki. Wasan ya fi armashi da mutum biyu ko uku.

Wa ya dace ya saya

Wanda ba shi da komai na Dominion, ya riga ya ɗanɗana wasan, ya kuma tabbatar yana da abokan bugawa, kwalin 2016 saye ne mai kyau, muddin farashinsa bai wuce na kwalayen biyu a ware ba. Kafin a biya, a duba bayan kwalin a ga sunan Intrigue, domin tsohon kwalin yana yawo a hannun masu sayar da na hannu da suna iri ɗaya.

Wanda yake da ainihin wasan tuni, babu dalilin ya sake sayen kati 500 da yake da su. Gara ya sayi fakiti ɗaya a ware, Intrigue ko Seaside ko Prosperity. Masu tsohon bugu ma an yi musu ƙaramin fakitin gyara mai ɗauke da sababbin katunan kawai.

Wanda bai taɓa bugawa ba kuwa, ba sai ya sayi doki a cikin ruwa ba. Ainihin wasan kyauta ne a shafin Dominion Online, haka ma a manhajar waya ta kamfanin Temple Gates Games. Zama goma ya isa mutum ya san ko wasan ya kwanta masa.

Abu biyu kuma sun shafi mai yin oda daga nesa. Kwalin yana da girma da nauyi, don haka kuɗin dakonsa na iya cinye rangwamen da ake nema. Sannan kowane katin masarauta yana ɗauke da rubutun da ke bayyana aikinsa, saboda haka dole ne duk wanda zai zauna a teburin ya iya karanta harshen da aka buga kwalin da shi, ko Turanci ne, ko Jamusanci.